Na Ba da Inuwar Bishiyar da Ba Tawa Ba

Assalamu alaikum, Malam Nuru.

Don girman Allah ka agaza mini da shawara, kuma in da hali ka sa wasiƙata a fitowar wannan watan, domin abin da ya dame ni yana da rana, ranar kuma ta matso. Na fara rubutun nan na yage ya fi a ƙirga. Matata ba ta san na rubuto maka ba. Sunayen da za ka gani na sauya su, ko da yake na san wanda duk ya san Salford ba zai sha wuyar gane mu ba.

Ni mutumin Zariya ne, ina aiki a kantin magani a cikin Manchester. Muna zaune a wani ɗan layi da ba ya ɓullewa, gidaje ashirin da 'yan kai sun kewaye wani fili mai ciyawa. Filin da titin ba na council, wato hukumar gari, ba ne, namu ne mu masu gidajen, saboda haka muna da ƙungiya da kwamiti. Mu ke kula da yankan ciyawa, da fitilun titi, da rigimar wurin ajiye mota, da ta kwandon shara wadda ba ta ƙarewa. Bara waccan aka zaɓe ni shugaba. Ba wata baiwa aka hango a jikina ba. Tsohon shugaban ne ya koma Sifen da zama, aka yi tsit a taro kowa yana kallon takalminsa, ni kuwa tari ya kama ni, aka juyo aka dube ni, shi ke nan. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Ni ne baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar. Na sayi katin waya na shaida wa mahaifiyata, ita kuma ta shaida wa dangi cewa an naɗa ni mai unguwa a Ingila. Mutanenmu na nan suka ɗauka, ko'ina na shiga sai Mai Unguwa. Da farko dariya nake yi.

Aikin ma na yi shi ne yadda na ga ana yi a gida. Ba na son yawan takarda. In mutum biyu suka saɓa, sai in bi kowa har gida, in sha shayinsa, in ba shi haƙuri, magana ta mutu. Sakatariyarmu Justina, 'yar Jos ce, nas ce a asibiti, ta sha gaya mini cewa wata rana wannan salon zai jefa ni a rami, wai komai ƙanƙantarsa a kawo gaban kwamiti a ɗaga hannu a rubuta. Ni kuma in ce mata ta fi Turawan zama Baturiya.

To, watan jiya Allah ya yi wa Alhaji Moro rasuwa. Mutumin zangon Kumasi ne, ya fi mu duka daɗewa a layin. Shi ya tarbe ni lokacin da na zo ƙasar nan ina ɗalibi, ina rakuɓe a wani ɗaki mai sanyi a Withington. A gidansa na ci tuwo na farko a Ingila. Shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar sunan ɗana Rayyan, shi ya buga mini waya ya ce an sa gidan da muke ciki yanzu a kasuwa, in yi sauri. Na faɗi wannan ne don ka san nauyin da ke kaina.

Ranar sadakar uku, falo cike da dattawa, matarsa Hajiya Wasilatu ta sa aka kira ni. Tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba. Ta ce abu guda take roƙo a wurina, a yi sadakar arba'in a filin nan namu, a kafa rumfa yadda ake yi a zango, malamai su zauna a inuwar bishiyar tuffa inda Alhaji yake zama da carbinsa duk lokacin zafi. Ta ce ita ba fita za ta yi ba, in aka kai abin zauren haya sai dai a ba ta labari, amma bishiyar nan daga tagar falonta take hango ta. Malam, ka san yadda abin yake. Mace cikin takaba, a gaban manya, ta kira ka Mai Unguwa ta roƙe ka. Bakina ya riga hankalina. Na ce an gama, filin nata ne. Aka yi ta sa mini albarka. Wani dattijo da ya zo daga Birmingham har riƙe hannuna ya yi, ya ce irinmu ake nema a ƙasar nan.

Sai da na fito ina neman takalmina a bakin ƙofa, na ɗaga kai na ga bishiyar, sannan na gane abin da na yi.

Ga dalili. Muna da wata maƙwabciya tsohuwa, yaranmu suna kiranta Mama Angelina. Ta haura saba'in, iyayenta 'yan Italiya ne amma a nan aka haife ta. Mijinta, Mista Cliff, shi ya dasa bishiyar nan lokacin da aka gina layin, ya kuma mutu tun kafin mu tare. Bara wajen ƙarshen zafi kwamiti ya so a sare bishiyar, saboda tuffa yana zubowa yana ruɓewa, rina tana taruwa, wata mata ma ta taka ta zame. Wata safiya ina taya Mama Angelina jan kwandon shara, sai ta riƙe hannun rigata. Ta gaya mini cewa da aka ƙone gawar mijinta, kamar yadda ya bar wasiyya, ita kaɗai ta fito ta tona gindin bishiyar ta zuba tokarsa, sauran ta watsa a ciyawar da ke kewaye. Ba ta nemi izinin kowa ba. 'Ya'yanta sun ɗauka tokar tana cikin wani ɗan tulu da ke kan kabad ɗinta. Fada, limamin cocinsu, bai sani ba, ta ce ba zai so ba. Ta ce a cikin 'yan kwamiti ni kaɗai ta gaya wa, ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba.

Na hana saran da hujjar cewa tsuntsaye suna sheƙa a kai. Ban ma tabbata akwai sheƙar ba. Allah ya taimake ni Alhaji Moro, wanda bai taɓa buɗe baki a taro ba, ya miƙe ya goyi bayana, ya ce a bar bishiya, shi zai riƙa kwashe abin da ya zubo. Ya kuma yi, har ya kwanta ciwo. Ni dai tun daga ranar ban ƙara kai tuffan nan bakina ba. Matata Safara'u tana dafa shi da kirfa ta ba yara, in ta miƙo mini sai in ce yana tayar mini da olsa.

Yanzu ka dubi abin da na jawo. Toufik, babban ɗan marigayin, ya riga ya auna wurin, ya yi maganar rumfa, za a kafa turakun ƙarfe kewaye da gindin bishiyar. Za a shimfiɗa tabarmi, malamai su yi karatu, a jera farantan abinci a ƙasa, azahar da la'asar kuma a nan za su riski mutane. Yadin yayin mata ya iso daga Ankara ta Gana. Mutanen Birmingham sun ɗauki hayar bas guda, na Landan ma suna tafe. In na yi shiru, na bar malamai su kai goshinsu kan tokar mutum ba su sani ba, na kuma bari a buga ƙarfe a wurin da tsohuwar nan take ɗauka kabarin mijinta. In na yi magana, na ci amanarta. Kuma na san mutanenmu. Kafin magariba labarin ya kai Kumasi. Za a hana yara taka filin, mata za su riƙa tsallake titi in sun hango ta, matar da ke kawo mana kek duk ranar salla, wadda 'yata Hana take ƙwanƙwasa wa ƙofa in ta manta makulli. Wani zai ce a tone ƙasar a zubar. 'Ya'yanta kuma su ji a bakin duniya. In kuwa na je na ce wa Hajiya an fasa, ba tare da dalili ba, na zama mutumin da ya ci tuwon Alhaji Moro shekara da shekaru sannan ya hana matarsa inuwa.

Shi kansa Alhaji, in an bi ta gaskiya, bai taɓa shimfiɗa darduma a wurin ba. A benci yake zama, in lokacin salla ya yi ya shiga gida ko da rana ta fito ƙal. Shi ne ma ya kai wa yara ragar ƙwallonsu can ɗaya ƙarshen filin, ba ya yarda su yi wasa kusa da bishiyar. Wani lokaci ka gan su a bencin su biyu, shi da carbi ita Mama Angelina da saƙa. Amma wannan ai ba hujja ba ce da zan kai wa mai takaba.

Ga kuma Justina. Ta ga Toufik da igiyar awo, ta biyo ni har kanti ta tambaye ni yaushe kwamiti ya zauna ba ta sani ba. Dokarmu ta ce duk wani babban taro a filin sai an ɗaga hannu, sai kuma an duba inshora. Ta ce wani maƙwabci, tsohon direban jirgin ƙasa, ya riga ya tambaye ta ko masallaci za a mai da filin. Ka san tun harin bama-baman da aka kai a Landan bara, in masu dogayen riguna suka taru akwai idon da ake kallonsu da shi. Ta ce in na kawo maganar gaban kwamiti za ta tsaya mini, amma ba za ta rubuta cewa an zauna ba alhali ba a zauna ba.

Na gwada dabaru. Na je na yi wa Hajiya zancen ruwan sama, ta ce ai amfanin rumfa ke nan. Na shirya in ce bututun gas ya bi ta ƙarƙashin bishiyar, sai na tuna aikin da Toufik yake yi ke nan, zai gane ƙarya ce kafin in rufe baki. Na je ƙofar Mama Angelina da niyyar faɗa mata, muka ɓuge da hirar ranar kwashe shara. Ita ce ma ta ce ta ji za a yi taro don Moro, wane irin kek ya kamata ta yi. Ba ta san zancen turaku ba. Na kasa.

Har addu'ar a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na yi, Allah ya yafe mini. Na yi tunanin in ajiye muƙamin. Na yi tunanin in tafi Umara a makon. Barci ya ƙaurace mini, shekaranjiya saura kaɗan in miƙa wa wani bawan Allah maganin da ba nasa ba. Malam, wanne alkawari zan karya? Ko akwai hanyar da ban gani ba?

Naka cikin damuwa,
Mai Unguwar Dole, Salford.


Wa alaikumus salam, Mai Unguwa, ranka ya daɗe.

Bari in fara da abin da ya fi ba ni mamaki. Mutum yana tsoron kada sirri ya fita, barci ya gagare shi saboda amana, sai ya zauna ya rubuta sirrin dalla-dalla, da bishiyar da bencin da tulun da ke kan kabad, ya aiko wa mujallar da ake ajiyewa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ya kuma roƙi a buga da wuri. Wannan ya nuna mini irin gajiyar da ka yi. Zan dawo kan wannan a ƙarshe.

Allah ya ji ƙan Alhaji Moro. Abin da ka yi a falonsa ba mugun abu ba ne. Kowannenmu da aka raina a gida zai iya yin haka, don an koya mana cewa ba a ce wa mai makoki a'a a gaban mutane. Kuskurenka shi ne ka ba da abin da ba naka ba. Sarautar da mahaifiyarka ta naɗa ka ta waya ba ta zo da fili ba. A ƙasar nan shugaban ƙungiyar maƙwabta shi ne mai riƙe makullin ɗakin injin yankan ciyawa, shi ake zagi in fitila ta mutu, iyakarta ke nan. Ko a Zariyan ma, mai unguwa na gaske yakan ce bari ya ji ta bakin dattawa. Justina tana da gaskiya, ka kuma gode Allah da ya ba ka sakatariyar da ba ta ƙarya. Amma kada ka yar da salonka. Don kana shiga gidajen mutane kana shan shayinsu ne tsohuwar nan ta zaɓe ka ta gaya maka abin da ta ɓoye wa 'ya'yanta. Ba a faɗa wa kwamiti irin wannan magana.

Ka tambaye ni wanne alkawari za ka karya. Ni abin da na gani shi ne, kana ta kai da kawo tsakanin ƙofofin mata biyu da suka rasa mazajensu, kana yanke hukunci a madadinsu, ba ka tambayi ko ɗaya ba. Sirrin nan na Mama Angelina ne, ajiya aka ba ka. Mai ajiya kuwa in ya ga abin da zai taɓa kayan, wurin mai kayan yake zuwa. Ka je gidanta gobe da safe. Ka shiga ciki ka zauna, kada ka tsaya a bakin kwandon shara. Ka gaya mata komai yadda ka gaya mini, turakun ƙarfe, tabarmi, abinci, salla, da cewa kai ne ka amsa ba ka yi tunani ba. Sannan ka tambaye ta abin da take so, ka yi shiru ka saurara. Matar da ke tambayar irin kek ɗin da za ta yi wa taron Moro ba abokiyar gaba ba ce.

In ka zauna, ka yi mata tambaya guda, ko Alhaji ya sani. Ka sake karanta wasiƙarka. Ta ce a cikin 'yan kwamiti kai kaɗai ta gaya wa, ba ta ce a layin ba. Mutumin da bai taɓa magana a taro ba ya miƙe saboda tsuntsayen da kai ma ba ka gani ba. Ya ɗauki aikin kwashe ruɓaɓɓen tuffa da tsufansa. Ya kawar da ƙwallon yara daga wurin. Yana zama a benci da carbi, amma salla sai a cikin gida. Ba ni da tabbas, kai ma kada ka kai wa kowa wannan a matsayin labari, amma zan yi mamaki in bai sani ba. Ina zaton marigayin ya riga ka karɓar wannan ajiya, ya kuma riƙe ta shekaru ba tare da ya ƙirƙiro olsa ko bututun gas ba. Ya girmama mamacin maƙwabciyarsa, ya kiyaye sallarsa, bai tozarta kowa ba.

In haka ne, ya bar maka tsarin taron nasa a shirye. Hajiya ba turaku ta roƙa ba, wurin zaman mijinta take son gani ta taga ana yi masa addu'a. To a bar bencin yadda yake, kada a shimfiɗa komai a gindin bishiyar. A kafa rumfa can inda shi da kansa ya kai ragar yara, ka fara tsayawa a falon Hajiya ka tabbatar ana hango wurin. Ka tambayi masu hayar rumfar irin wadda ake danne ƙafafunta da buhunan yashi, don kada a huda ƙasa ko'ina. Girki a kicin, abinci a kan tebur. Salla kuma a cikin gidajenku ko a masallaci, dalilin da za ka bayar gaskiya ne tsantsa, kowa ya shaida, Alhaji bai taɓa salla a filin nan ba, a yi yadda yake yi. Hukuncin salla a irin wannan wuri ba fagena ba ne. Ka tambayi limami, ba sai ka ambaci layi ko suna ba.

Abin da na fi so shi ne Mama Angelina ta yarda ta shiga wurin Hajiya da kanta, kai ka raka ta ka tsaya a waje. Na ji tsoron da kake yi wa bakin mutanenmu, ban kuma ce ba shi da tushe ba. Akwai waɗanda za su yi surutu in sun ji. Amma kana auna Hajiya da ma'aunin 'yan gulma. Matar da ke zaune a taga tana kallon bencin da mijinta ya bari za ta fahimci wadda ta kasa rabuwa da nata fiye da yadda ni da kai za mu fahimta. In kuma Mama Angelina ta ce a'a, kada a faɗa, to maganarta ce ta ƙarshe. Sai ka je wa Hajiya ka ce ka yi azarɓaɓi, filin na jama'a ne, gindin bishiyar kuma akwai dalilin da aka ba ka amana ba za ka iya faɗa ba, ga abin da za ka iya yi mata. Za ka ji kunya. Kunyar yini guda ce, ta fi ƙaryar da Toufik zai tono da kayan aikinsa.

Sai kwamiti. Ka kira taron gaggawa a makon nan. Ka ce ka yi alkawari a gidan makoki ba da izininsu ba, ka yi kuskure, kana neman amincewarsu. Jimla biyu ta isa, kada ka yi musu lacca kan al'adun Afirka ta Yamma. Kafin taron ka yi abin da ka fi kowa iyawa, ka bi gida-gida. Ka faɗa musu lokacin farawa da na tashi, inda bas zai tsaya ba a cikin layi ba, da waɗanda za su share fili. Ka gayyace su. Ka bar wa Justina zancen inshora, za ta ji daɗinsa fiye da yadda kake zato. Shi kuwa tsohon direban da ke tsoron masallaci, ka roƙe shi ya kula da tsarin ajiye motoci ranar. Mutumin da aka ba riga mai ƙyalli da ikon cewa a matsa gaba ba ya samun lokacin yin ƙorafi, in an gama kuma a kai masa shinkafa da wake har gida. In suka ƙi amincewa, ka karɓa, a yi karatun a falon Hajiya da lambunanku na baya. Ban zaci za su ƙi ba. Mutumin da ya kwashe musu ruɓaɓɓen tuffa kyauta suke tunawa.

Kada ka ajiye muƙami, kada kuma ka mai da Umara maɓoya. Ka ɗauki hutun kwana biyu daga kanti kafin ka ba mai ciwon ƙafa maganin hawan jini. Batun cin tuffa tsakaninka da cikinka ne, amma ka daina yi wa Safara'u ƙaryar olsa. Ka ce mata akwai dalilin da ba naka ba ne, mata sun fi mu sanin irin wannan.

Na ce zan dawo kan bugawa. Wannan amsa na sa ta a ambulan zuwa adireshin da ka rubuta a bayan wasiƙarka cikin mantuwa. Ba kalma ɗaya da za ta shiga mujalla sai ka aiko mini cewa mai sirrin ta ji abin da ka rubuta, ta kuma ce a buga. In ba ta ce ba, takardar za ta tsufa a aljihun teburina. Saboda haka duk mai karatun da ya tsinci kansa a wannan shafi, ya san Mai Unguwa ya ƙwanƙwasa ƙofar, an kuma buɗe masa.

Allah ya kai rahama kabarin Alhaji Moro, ya ba Hajiya haƙuri, ya saka wa maƙwabciyarku da alheri, kai kuma ya mayar maka da barcinka. A gaida Safara'u da yara.

Naka,
Malam Nuru, Edgbaston.